Kanada, Faransa ko Jamus: ina ɗan Damagaram zai kai takardun karatunsa a auna?

Duk wanda ya gama lisans ko mastar, ya yi ƴan shekaru yana aiki, sannan zuciyarsa ta fara raya masa fita waje ta hanyar da doka ta yarda, akwai ƙofar da ba makawa sai ya bi ta cikinta: a auna takardun karatunsa, a faɗi daidai da me suke a ƙasar da yake son zuwa. Ma'aikacin shige da fice da ke zaune a Otawa bai san Jami'ar André Salifou ta Damagaram ba, wadda a 2010 aka kafa ta, bai san bambancin BTS da DUT ba, kuma ba aikinsa ba ne ya sani. Abin da yake jira shi ne takarda daga wata hukuma da gwamnatinsa ta amince da ita, tana cewa: mun bincika, makarantar nan ta gaskiya ce, diflom ɗin nan na gaskiya ne, kuma a ma'auninmu ya kai kaza.

Abin da ke sa matasanmu asarar kuɗi shi ne zaton cewa awon iri ɗaya ne, in an yi maka sau ɗaya ka riƙe takardar ka shiga ko'ina da ita. Ba haka ba ne. Kowace ƙasa da tiyarta, kuma ba ta karɓar awon tiyar maƙwabciya. Takardar da Faransa ta ba ka ba ta ƙara maka maki ko ɗaya a Kanada, ta Kanada kuma ba ta da amfani a ofishin bizar Jamus. Saboda haka ƙasar ake fara zaɓa, sannan a nemi mai awo. Wanda ya juya wannan tsari ya biya sau biyu.

Kafin mu shiga ƙasashen, a cire wani ruɗani. Da yawa suna cewa ai diflom ɗinsu CAMES ta amince da shi, ke nan an gama. CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da Madagaskar, hukuma ce mai daraja, a Yamai aka yanke shawarar kafa ta a 1968, hedikwatarta tana Wagadugu, kuma amincewarta tana da nauyi tsakanin ƙasashen da ke cikinta. In Abijan ko Dakar ko Libarbil za ka nemi aiki, tana taimakonka. A Kanada ko Jamus kuwa, iyakarta ta zama shaida mai kyau ga makarantarka. Ba ta maye gurbin awon da su za su yi da kansu.

Kanada ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin a can ne awon yake komawa maki kai tsaye. Tun watan Janairun 2015 gwamnatin tarayyar Kanada take zaɓen ƙwararrun da za ta ba izinin zama na dindindin ta tsarin Express Entry. Kana cika bayananka a intanet, a ba ka maki bisa shekarunka, karatunka, harshe da aikin da ka yi, jimillar makin duka 1,200. Lokaci zuwa lokaci sai a gayyaci waɗanda suka fi maki. Wanda ya yi karatu a wajen Kanada ba a lissafa masa makin karatu sai da takardar awo da ake kira ECA, EDE a Faransanci, kuma a shirin ƙwararrun ma'aikata na tarayya, wanda shi ne hanyar mai zuwa daga waje, ba ka ma shiga layi sai da ita.

Ga yadda makin karatu yake ga wanda ba shi da mata ko miji a cikin takardarsa: bak kaɗai maki 30, karatun shekara ɗaya bayan bak 90, na shekara biyu 98, digiri na shekara uku ko fiye 120, takardu biyu ko fiye, ɗayarsu ta shekara uku, 128, mastar 135, dakta 150. A lura da abu biyu a nan. Na farko, lisans ɗinmu ta tsarin LMD (lisans, mastar, dakta), mai shekara uku, in aka auna ta a matsayin digirin shekara uku, makinta ɗaya da digirin shekara huɗu na wanda ya gama a Bayero ko Zariya. Wannan ya kamata ya kwantar da hankalin masu ganin lisans ɗinsu ta gaza. Na biyu, tsakanin 120 da 128 akwai maki takwas, kuma maki takwas na iya raba wanda aka gayyata da wanda aka bari. Wanda ya yi BTS ko DUT sannan ya ɗora lisans, ya dace ya sa a auna duka biyun, domin ba a ba da makin takardu biyu sai an auna kowace. Wanda ke da mastar kuwa, galibi awon ita kaɗai ya wadatar. Masu tsohuwar metiriz ta shekara huɗu kada su sa rai da makin mastar. Yawanci a sahun digiri ake sa ta.

Hukumomi biyar ne gwamnatin Kanada ta ba izinin yin wannan awo ga yawancin mutane: WES, ICAS, CES ta Jami'ar Toronto, IQAS ta gwamnatin lardin Alberta, da ICES da ke lardin British Columbia. A idon ma'aikatar shige da fice takardunsu darajarsu ɗaya, babu wadda ta fi wata. Bambancin yana wajen sauri, da irin takardun da kowace ke nema, da yadda take son a aiko mata su.

WES ce sunanta ya fi yawo a fadojinmu, har wasu sun ɗauka ita ce awon kansa. Ƙungiya ce da aka kafa a 1974 a Amurka, tana da reshe a Toronto, kuma an san ta da sauri in takardu sun iso cikakku. Reshen Kanada yana karɓar takardun Faransanci ba tare da fassara ba, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne gare mu. Sai dai WES ba ta karɓar takardar maki daga hannunka. Jami'a ce za ta aika, ko dai a cikin ambulan da aka liƙe aka buga hatimi a bakinsa, ko ta hanyar intanet da WES ta yarda da ita. Kwafin da ka kai meri aka buga masa tambari, wanda a gida shi ne komai, a wurinsu ba ya wadatarwa. Ga kuma tarkon da ke kama mutane: WES tana da reshen Amurka da na Kanada, tana kuma da awo iri-iri, na neman makaranta daban, na aiki daban, na shige da fice daban. In ba wanda aka rubuta don ma'aikatar shige da fice ta Kanada ka zaɓa ba, lambar da za ta fito a kan takardarka ba za ta shiga Express Entry ba.

Sauran huɗun an fi saninsu da jinkiri, wani lokaci watanni da dama, amma ba abin rainawa ba ne. Kowace tana da nata masu bincike, kuma yakan faru diflom ɗin da wata ta auna ƙasa, wata ta auna shi sama, ko makarantar da wata ba ta yarda da ita ba, wata ta yarda. Wanda ya san a Alberta zai zauna, takardar IQAS sananniya ce ga masu ɗaukar aiki a can. Shawarata ita ce, kafin ka biya ko dala, ka buɗe shafin kowace, ka zaɓi Nijar ko ƙasar da ka yi karatu, ka karanta abin da take nema daga jami'arka. Sannan ka tafi ofishin sikolarite ka tambaya ko za su iya aikawa ta wannan hanya. Hukumar da jami'arka za ta iya biya wa buƙata ita ce taka, ko da ba ita ce mai suna ba.

Likitoci, masu haɗa magunguna da masu zanen gine-gine ba su cikin wannan zaɓi in da sana'arsu za su nemi shiga. Likita sai Medical Council of Canada, mai haɗa magani da ke buƙatar lasisin aiki sai Pharmacy Examining Board of Canada, mai zanen gini kuma tun 2024 sai hukumarsu ta CACB. Kuma ina roƙon ƴan'uwanmu ma'aikatan jinya, waɗanda makarantar kiwon lafiya ta Damagaram ta daɗe tana yayewa, su riƙe wannan da kyau: ECA ta shige da fice ce kawai, ba lasisin aiki ba ce. Za ta iya kai ka Kanada, amma ba za ta sa ka taɓa majinyaci ba. Lasisi hanya ce daban, ta hannun hukumar lardin da za ka zauna, da jarrabawarta da kuɗinta da lokacinta. Haka ga malamin makaranta, haka ga injiniya. Wanda ya tafi bai san wannan ba yakan yi shekaru yana aikin da ba nasa ba, ransa a ɓace.

Takardar ECA shekara biyar take aiki daga ranar da aka ba da ita, kuma dole ta kasance da ranta ranar da ka cika bayananka da ranar da ka miƙa cikakkiyar takardar neman zama. Jarrabawar harshe kuwa shekara biyu kacal take yi. Don haka hankali ya ba da a fara da awon karatu, mai jinkirin fitowa da tsawon rai, a bi da jarrabawar harshe.

Dalilin da ya sa nake fifita Kanada ga ɗan lakwal na Damagaram shi ne Faransanci. Tun 2023 gwamnatin tarayya take ware gayyata ta musamman ga masu jin Faransanci da za su zauna a sauran larduna ban da lardin Kebek, kuma makin da ake tsayawa a kai a irin wannan gayyata sau da yawa ya yi ƙasa da na gayyatar kowa da kowa. Wanda ya kai mataki na 7 na ma'aunin harshe na Kanada a ji, magana, karatu da rubutu a jarrabawar TEF Canada ko TCF Canada yana samun ƙarin maki 25, in ya haɗa da Turanci gwargwado su zama 50. Wannan gata ne da ɗan Kano ba shi da shi sai ya zauna ya koyi harshen daga farko, mu kuwa tun daga aji ɗaya muke cikinsa. Amma kada a raina jarrabawar. Iya hira da Faransanci daban, rubuta wasiƙa mai tsari cikin ƙayyadadden lokaci daban.

Gaskiyar da ba a son ji kuma ita ce awon karatu shi ne mafi arha a cikin tafiyar. Ana buƙatar aƙalla shekara ɗaya cur ta aikin ƙwararru da aka biya ka albashi, a cikin shekaru goma da suka wuce, da takardar shaida daga wurin aikin. Ana buƙatar ka nuna kuɗin da za ka riƙe kanka, kusan dalar Kanada 15,000 ga mutum ɗaya, wato sama da sefa miliyan 6, kuma adadin yana ƙaruwa da yawan iyali. Shekaru ma suna cin maki: daga 20 zuwa 29 maki 110, a 30 ya zama 105, a 35 ya koma 77, a 40 saura 50, a 45 babu komai. Shafin gwamnatin Kanada yana da wurin lissafa maki kyauta. Mutum ya lissafa nasa da gaskiya, ya duba makin gayyatar baya-bayan nan. In tazarar ta yi nisa ƙwarai, gara kuɗin awon su tafi wajen ƙaro karatu ko gyara harshe tukuna.

Kebek tana da nata tsarin zaɓe, tana kuma da nata awon da ma'aikatar shige da ficen lardin ke bayarwa. Ra'ayin masana ne don amfanin masu ɗaukar aiki a Kebek, kuma Express Entry ba ta karɓarsa.

Faransa ita ce ƙasar da tunaninmu ke fara zuwa, saboda tsarin karatunmu daga nata aka ɗebo. Mai awo a can ita ce cibiyar ENIC-NARIC da ke ƙarƙashin France Éducation international a garin Sèvres, kusa da Paris. A intanet ake cika komai, a ɗora hoton diflom da takardun da ke nuna tsawon karatun, a biya, a jira. Ta fi Kanada sauƙi, domin kai ne kake ɗora takardunka, kuma na Faransanci ba su buƙatar fassara. Abin da take bayarwa takarda ce mai kwatanta diflom ɗinka da matakan karatun Faransa, kuma ba ta duba sai diflom ɗin da gwamnatin ƙasar da ta bayar ta amince da shi. Amma takardar ba ta tilasta wa kowa komai. Jami'a ce ke yanke hukuncin ɗaukarka, mai kamfani ne ke yanke hukuncin ba ka aiki, kuma Faransa ba ta da tsarin makin da takardar za ta ɗaga ka a cikinsa. Amfaninta na ga wanda ya riga ya isa, ko wanda wata makaranta ko wani kamfani ya ce ya kawo ta. Ga ɗan Nijar da ke gida akwai ƙarin cikas: ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun farkon 2024. Wanda ya sayi wannan takarda yana zaune a Birni ko Zango da fatan ita za ta jawo masa biza, ya kashe kuɗinsa kafin lokaci.

Jamus ta fi Faransa buɗe ƙofa ga ma'aikata a ƴan shekarun nan, kuma tana da abu ɗaya da nake so ƙwarai: kana iya duba matsayinka kyauta. Akwai rumbun bayanai na gwamnati mai suna anabin, inda aka jera jami'o'in duniya da diflomominsu. Jami'ar da aka sa wa alamar H+ an yarda da ita, mai H- ba a yarda ba, mai H+/- sai an duba irin karatun. In jami'arka da diflom ɗinka duka suna ciki da alama mai kyau, sau da yawa bugo shafin kawai ya isa a ofishin biza. In ba su ciki, sai ka nemi takardar awo daga ofishin ZAB da ke Bonn, kuɗinta wajen euro 200, wato jika 130 da ƴan kai. Tun 1 ga Yunin 2024 akwai katin da suke kira Chancenkarte, wanda ke ba mutum damar shiga ya nemi aiki har shekara ɗaya, yana ɗan aiki na awa 20 a mako. Wanda aka amince da karatunsa gaba ɗaya yana samu kai tsaye, wanda ba haka ba sai ya tara maki 6, ya kuma nuna Jamusanci matakin A1 ko Turanci matakin B2. Faransanci ba ya cikin lissafin. Ana kuma son ka nuna sama da euro 1,000 na kowane wata. Ga mai karatun kwamfuta, lantarki ko kanikanci, irin waɗanda suka goge a matatar SORAZ ko kamfanonin sadarwa, kuma yana da juriyar koyon sabon harshe, Jamus hanya ce ta gaske. Ga mai lisans a shari'a ko adabi da Faransanci kaɗai, hawa ne mai tsayi.

Ingila tana amfani da UK ENIC, wadda kamfanin Ecctis ke gudanarwa, kuma ta fi amfani ga waɗanda suka yi digirinsu da Turanci a Najeriya. Amurka ba ta da hukumar gwamnati mai awo. Kamfanoni ne masu zaman kansu, yawancin sanannunsu a ƙungiyar NACES, kuma makaranta ko mai ba ka aiki ne zai faɗa maka wanda yake so, don haka ba a yi kafin a tambaya. Ma'aikacin lafiya mai son Saudiyya kuwa zai haɗu da DataFlow, kamfanin da ke tuntuɓar makarantarka da wurin aikinka ya tabbatar takardun na gaskiya ne. Wannan don kwangilar aiki ne, ba zama na dindindin ba.

Duk ƙasar da aka zaɓa, yawancin jinkirin a gida yake, kuma a nan ne ya kamata a fi zuba ƙarfi. Suna shi ne na farko. Mutum ɗaya ne Mahamadou a takardar haihuwa, Mahaman a bak, Mamane a lisans, fasfo kuma ya sa sunan uba a gaba. A wurinmu duk Muhammadu ne, amma mai bincike a Toronto ko Bonn mutum uku yake gani. Haka ranar haihuwa, ga waɗanda aka yi wa takarda a kotu daga baya, wata takarda ta ce an haife shi wajen shekara kaza, wata ta ce 1 ga Janairu. A jera takardun duka a kan tabarma, a karanta harafi bayan harafi, abin da ya saɓa a nemi takardar hukuma mai shaida cewa mutum ɗaya ne, ko a gyara tun daga tushe.

Na biyu, da yawa cikinmu takardar shaidar cin jarrabawa ta wucin gadi muke riƙe da ita shekara da shekaru, ba mu koma mun karɓi diflom na ainihi ba, tunda da ita aka ɗauke mu aiki. Masu awo galibi na ainihin suke so, tare da takardar maki ta kowace shekara. Wanda ya yi karatu a Jami'ar Abdou Moumouni, tafiyar kusan kilomita 900 ce zuwa Yamai, don haka ya haɗa buƙatunsa duka a tafiya ɗaya, ya kuma bar wani ɗan'uwa amintacce da zai riƙa leƙa ofishin. Bayan an aika ma ba a gama ba: hukumar awo takan rubuto wa jami'a tana neman tabbaci, kuma in wasiƙar ta kwana a akwatin imel da ba mai buɗewa, takardarka tsayawa za ta yi. Ka san sunan ma'aikacin da ke kula da wannan, ka gaishe shi da mutunci, ka sanar da shi wasiƙa tana tafe.

Na uku, makarantu masu zaman kansu. Izinin buɗe makaranta daban, amincewar gwamnati da diflom ɗin da take bayarwa daban. Wanda ya yi BTS na gwamnati yana kan tudu ko da a makarantar kuɗi ya yi karatun, domin jarrabawar ƙasa ya ci. Wanda diflom ɗinsa na makarantar ne kawai, ya fara zuwa ma'aikatar ilimi mai zurfi ya tabbatar da matsayinsa, domin hukumar awo ba ta mayar da kuɗi in sakamako ya fito cewa ba ta san makarantar ba. Waɗanda suka yi karatu a Azhar, Sudan, Madina ko Jami'ar Musulunci ta Say da takardun Larabci, su ma ana auna nasu kamar na kowa, sai dai a haɗa da fassarar ƙwararren mai fassara, kalma da kalma, ba ta aboki ba.

Game da masu cewa kawo kuɗi mu yi maka komai: babu abin da ke cikin awon nan da mai lisans ba zai iya cikawa da kansa ba. In katin banki na biyan kuɗin waje ne matsala, a nemi katin da ake loda wa kuɗi a banki, ko ɗan'uwa na waje ya biya, amma asusun ya kasance da sunanka da imel ɗinka, kalmar sirri a hannunka. Kuma kada wani ya gyara maka maki ko kwanan wata a takarda, komai ƙanƙantar gyaran. A dokar Kanada, wanda aka kama da bayanin ƙarya ana hana shi neman shiga har shekara biyar, ko da wani ne ya cika masa.

Da ƙanena ne ya zo da lisans ta LMD, shekarunsa 27, yana da shekara biyu a aiki da Faransanci mai kyau, zan ce masa Kanada, ya fara da tambayar sikolarite, in za su iya aikawa yadda WES ke so ya bi ta nan, in ba za su iya ba ya duba sauran huɗun. Da mai aikin lantarki ne ko kwamfuta da ya haura 35, zan ce ya buɗe anabin a daren nan, ya nemi malamin Jamusanci. Ƙanwata ma'aikaciyar jinya zan ce ta fara karanta sharuɗɗan lasisi na lardin da take so kafin ta biya kuɗin ECA, ta lissafa kuɗin hanyoyin biyu tare. Wanda kuma bai cika shekara ɗaya a aiki ba tukuna, ya yi amfani da wannan lokaci ya karɓo diflom ɗinsa na ainihi da takardun makinsa, ya daidaita sunansa a fasfo, ya roƙi wurin aikinsa takardar da ta faɗi ranar da ya fara, awa nawa yake yi a mako, albashinsa da ayyukan da yake yi, domin ita ma za a nema ranar da gayyata ta zo, kuma kwana 60 kawai ake bayarwa a miƙa komai.